Baba ya rasu ya bar jakar magunguna: a aika gida ko a sa a ambulan ɗin gidan waya?

Wata baiwar Allah daga unguwar Bronx a birnin Niyok ta rubuto tana cewa: "Mahaifinmu ya rasu sati uku ke nan bayan doguwar jinyar ciwon daji. Ya bar magunguna cike da leda biyu, akwai na rage zafin ciwo masu ƙarfi, na ruwa da ƙwayoyi da wanda ake manna masa a fata, ga na hawan jini, ga na sukari, ga allurai. Wasu ko buɗe su ba a yi ba. A kantin magani sun ba ni wani ambulan, wai in zuba a ciki in kai gidan waya, za a ƙona. Kawunmu kuwa ya ce wannan almubazzaranci ne, a sa su a duron kayan da za a tura gida, tunda can mutane na mutuwa saboda rashin kuɗin magani, ladan ya kai ga Baba. Kaina ya ɗaure. Ambulan ɗin nan ba zai haɗa ni da hukuma ba? Kuma ina maganin yake zuwa?"

Hajiya, ya ƙarin haƙuri? Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, ku kuma Ya ba ku ladan jinya. Wanda ya zauna da mai ciwon daji har numfashinsa na ƙarshe ya ga abin da baki ba ya iya faɗa, kuma na san ko taɓa ledar nan sai ya tayar miki da tsumi.

Ni mai harhaɗa magunguna ne. A bayan kanta nake wuni a nan Amurka, kuma kafin in zo na yi aikin a gida. Ambulan ɗin da aka ba ki doka ce ta tanade shi, musamman don irin halin da kike ciki, ba zai haɗa ki da kowa ba. Duron shi ne abin tsoro, kada ƙwaya ko ɗaya ta shiga cikinsa. Maganar Kawu tana da nauyi, daga zuciya mai tausayi ta fito, kuma zan tsaya a kanta sosai. Amma akwai abin da ya fi gaggawa, wanda nake so ki yi yau kafin ki kwanta.

Gidan makoki gidan jama'a ne. An yi sadakar uku, an yi ta bakwai, ga arba'in na tafe. Ɗakin mamaci shi ne yakan zama inda mata ke ajiye jakunkuna da mayafai, a nan ake shimfiɗe yaran da barci ya ɗauke, a nan samari ke shiga neman inda za su sa waya a caji. In ledar nan tana kan durowa ko gefen gado, ki ɗauke ta yanzu, ki sa a akwati mai kwaɗo, mabuɗin ya zauna a jikinki. Bisa kwatancenki, na ruwan nan mofin ne, ƙwayoyin wataƙila oksikodon ne, na mannawar kuma filastar fentanil ce. Jikin Baba ya saba da su a hankali cikin watanni, shi ya sa yake ɗaukar abin da zai kwantar da ƙato lafiyayye. Jikin jikansa ɗan shekara biyu bai saba da komai ba.

Filastar ce ta fi tsaya mini a rai. Ana manna ta ta yi awa 72 a cire, kuma bayan an cire sauran maganin da ke jikinta ya isa ya kashe ƙaramin yaro idan ya tsotsa ko ya manna a jikinsa. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta sha yin gargaɗi a kan yaran da suka rasu ta wannan hanya. Filasta takan ɓanɓare cikin dare ba a sani ba. Don haka ki kakkaɓe zannuwan gadon Baba, ki ɗaga katifa, ki leƙa ƙarƙashin gado, ki duba kwandon wanki da kwandon sharar ɗakin, har cikin aljihun jallabiyarsa. Duk wadda kika samu ki naɗe ta biyu, gefen da ke da danƙo ya haɗe da ɗan'uwansa, ki wanke hannu da ruwa. Kada kuma ki raina na hawan jini da na sukari don ba sa sa maye. Wasu ƙwayoyin sukari guda ɗaya tak kan zubar da sukarin jinin yaro har ya suma. In Allah Ya kiyaye aka ga yaro yana wani irin barci mai nauyi, numfashi yana ja da baya, baƙin idonsa ya tsuke kamar kan allura, a kira 911 nan take. In tambaya ce kawai, an ga ƙwaya a hannunsa ba a tabbata ya haɗiye ba, lambar cibiyar kula da guba ita ce 1-800-222-1222, dare da rana, kyauta.

To, ambulan ɗin. Ɗauko shi ki duba. Za ki ga babu hoton ƙwaya a bayansa, babu wata kalma da za ta sa mai rarraba wasiƙa ya gane abin da ke ciki. Ki ja shi da hannu, ba ya yagewa da sauƙi, ruwa ba ya ratsa shi, bakinsa kuma in an liƙe, duk wanda ya buɗe sai an gane. An riga an buga adireshin inda za shi, an biya kuɗin kan sarki, kuma yana da lambarsa shi kaɗai da ake bin sawunsa da ita. Duk waɗannan sharuɗɗa ne da hukumar DEA, mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ta gindaya a ƙa'idojin da ta fitar a watan Satumbar 2014. Biyu daga cikin ƙa'idojin su ne amsar tsoronki. Na farko, ba a tilasta wa mai aikawa ya rubuta sunansa ko adireshinsa ko wani abin da za a gane shi da shi. Na biyu, kamfanin da ya karɓi ambulan ba shi da izinin buɗe shi, ko haska shi da na'ura, ko ƙirga abin da ke ciki. A liƙe yake zuwa, a rubuta lambarsa a littafi, a adana shi a ɗaki mai tsaro, a liƙe kuma ake hallaka shi, galibi a babban tanderu mai tsananin zafi wanda hukumar muhalli ke sa wa ido. Abin da doka ta nema shi ne maganin ya lalace yadda ba mai iya dawo da shi ta kowace dabara.

Ƙa'idar ta kuma ambaci irinki. Wanda aka rubuta wa maganin, da mutanen gidansa, da wanda ke da haƙƙin kula da kayan mamaci, su ne aka yarje wa su aika. Na tsaya a kan wannan ne domin na san mutanenmu. Akwai wanda takardunsa na zama ba su kammala ba, da ya ji an ce akwai akwatin zuba magani a ofishin 'yan sanda, sai ya gwammace maganin ya shekara goma a ƙasan gado. Ga irin wannan mutum, da tsohuwar da ba ta iya hawa da saukar bene, da mutanen karkara da kantin magani ke musu nisa, ambulan ɗin nan rahama ne.

Kafin 2010 babu wannan sauƙin. Dokar 1970 da ta tsara mu'amala da magunguna masu sa maye ta tanadi yadda za su fito daga masana'anta zuwa kanti zuwa hannun marar lafiya, amma ba ta buɗe ƙofar dawowa ba. In mutum ya kawo mini ragowar mofin ɗin mahaifinsa na karɓa, na karya doka. 'Yan sanda kaɗai ke iya karɓa. Shi ya sa shekara da shekaru shawarar da ake ba mutane ita ce su zuba a masai su kora da ruwa. Sai masu binciken ruwa na gwamnati suka auna rafuka 139 a jihohi 30 tsakanin 1999 da 2000, suka tarar da ɓurɓushin magunguna da makamantan sinadarai a kusan kashi 80 cikin ɗari. Mafi yawan wannan ɓurɓushi ta fitsari da bayan gida yake fita daga jikin masu shan magani, ban ɓoye miki ba, amma wanda ake zubawa da hannu shi ne wanda ake iya hanawa cikin sauƙi. A daidai lokacin kuma annobar shan ƙwayoyin rage zafi ta fara cin matasan Amurka, kuma binciken da gwamnati ke yi duk shekara ya yi ta nuna cewa kaso mai tsoka na masu sha, a wasu shekarun fiye da rabi, daga hannun ɗan'uwa ko aboki suka samu. Ma'ana dillalin farko shi ne durowar gida.

Jihar Maine, mai yawan tsofaffi da ƙauyuka masu nisa da juna, ita ta fara gwada aikawa ta gidan waya a faɗin jiha, kuma saboda waccan tsohuwar doka, ambulan ɗinsu hukumar yaƙi da ƙwayoyi ta jihar ake aika wa. Majalisar dokokin ƙasa ta gyara dokar a 2010. Saura rigimar wa zai biya. Gundumar Alameda a Kalifoniya ta ce a 2012 kamfanonin da suka sayar da maganin su ne za su biya kuɗin kwashe ragowarsa. Kamfanonin suka kai ƙara suka sha kaye, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraron ɗaukaka ƙararsu a 2015. Jiharku ta Niyok ta yi irin wannan doka a 2018, wadda ta wajabta wa kamfanonin da ke da kantuna goma ko fiye su samar wa jama'a hanyar mayar da magani. Daga ƙarshen watan Maris na 2025 kuma FDA ta ɗora wa masu yin magungunan rage zafi dangin mofin su riƙa ba kantuna ambulan kyauta in sun nema. Shi ya sa ba a karɓi ko sisinki ba.

Wajen cikawa, ki zauna a tebur lokacin da yara ba sa kusa, ki fara karanta takardar da ke tare da ambulan ɗin, domin kamfanoni sun ɗan bambanta a abin da suke karɓa. Ƙwayoyi ki bar su a kwalabensu, kada ki daka, kada ki jiƙa. Sunan Baba da lambar takardar likita da ke manne a kwalba ki shafe su da baƙin alƙalami mai kauri, ki bar sunan maganin. Na ruwa ki ɗaure murfin tamau ki sa a ƙaramar leda mai zif, in takardar ta ce ana karɓar ruwa, kuma yawanci ɗan kaɗan suke yarda da shi. Irin waɗanda muke bayarwa ba sa ɗaukar fiye da kimanin giram 230, kuma ambulan da aka cusa wa kaya har ya yi tulu shi ne ke fashewa a hanya. Idan kin liƙe, ki kai shi gidan waya da ƙafarki ki miƙa a kanta. Kada ki ajiye shi a zauren bene inda ake barin saƙonni kowa na wucewa. Kada kuma ki dawo mana da shi kanti, ba mu da izinin karɓar cikakken ambulan daga hannunki.

A nan zan faɗa miki ra'ayina a matsayin wanda ke raba abin nan kullum: ambulan ɗaya ba zai ɗauke leda biyu ba, kuma ba don irin wannan tulin aka yi shi ba. Ki ba shi masu haɗarin, wato oksikodon da filastar fentanil da duk wani maganin barci ko na kwantar da hankali. Sauran ki nemi kantin da ke da akwatin ƙarfe na zuba magani, wanda aka kafe a ƙasa kusa da kanta, mai baki irin na akwatin wasiƙa. Shi ma yana karɓar masu ƙarfin, in ya fi miki kusa ki kai duka can a tafiya ɗaya. Shafin DEA na intanet yana nuna na kusa da ke in kin sa lambar unguwarku. Akwai kuma ranar karɓar magani ta ƙasa da ake yi sau biyu a shekara, wata Asabar a Afrilu da wata a Oktoba, amma ban yarda ki zauna jiran ta da mofin a gida ba. Wata tsohuwa ta taɓa zuwa mini da kwalin takalmi cike da magungunan mijinta, ta ɗora a kanta tana turo mini, hannunta na rawa. Na ce mata doka ba ta bar ni in taɓa ba, sai dai in raka ta. Muka tsaya gaban akwatin, tana ɗauko kwalba ɗaya-ɗaya, ta karanta sunansa a jiki, ta shafe, ta saka. Ta kai minti ashirin. Da ta gama ta naɗe kwalin ta sa a jaka ta tafi da shi. In kin ji abin zai yi miki nauyi, ki tafi da 'yar'uwa.

Allura da sirinji da abin huda yatsa ba sa shiga ambulan, ba sa shiga akwatin ma, domin hannun mutum ne zai ɗauki buhun. Ki tara su a robar sabulun wanki mai kauri da murfi, ki manne murfin da salatif. A jihar Niyok doka ta wajabta wa asibitoci da gidajen kula da tsofaffi su karɓi alluran da aka yi amfani da su a gida, sai dai ki kira ki ji ranakun karɓarsu. Abin shaƙa na masu asma yana iya fashewa a wuta, shi da alƙalamin insulin kowanne akwai kwalinsa na musamman a shirye-shirye da yawa, ki tambaya a kantin da suka ba ki ambulan. In kuma masu jinyar ƙarshen rayuwa ne suka riƙa zuwa gida duba Baba, ki kira su. Tun 2018 doka ta ba ma'aikatansu damar taimaka wa iyali su lalata irin waɗannan magunguna a gida bayan rasuwa.

Za ki ji wani ya ce ai FDA da kanta ta ce a zuba a masai. Akwai ƙamshin gaskiya. Tana da ɗan gajeren jerin magunguna, mofin da fentanil da oksikodon da metadon na ciki, waɗanda ta ce in babu akwati kusa, babu ambulan, to gara a kora su da ruwa da a bar su inda yaro zai kai hannu. Na yarda da wannan lissafin, ran yaro ya fi ɗan abin da zai shiga kogi. Amma ke ambulan na hannunki, ga kantuna a kowace kusurwa ta Bronx, ba ki cikin waɗanda lalura ta kai su can.

Yanzu maganar Kawu. Ki gaishe shi, ki ce na fahimce shi sarai. Ni ma na tsaya a bayan kanta a gida na ga mutum ya miƙo takardar likita, an faɗa masa kuɗi, ya ce a ba shi na kwana uku tukuna. Na ga masu ciwon daji da ke kwana suna ihu babu mofin ko cokali ɗaya. Wanda ya ga wannan, in aka ce masa za a ƙona magani sabo fil a kwalinsa, dole cikinsa ya yi zafi. Nawa ma yana yi, har yau.

Sai dai mu bi duron nan mu ga inda zai kai maganin. Yawancin ƙwayoyi an yi su ne a ajiye a zafin da bai wuce digiri 25 ba, insulin kuwa a firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Duro zai yi makonni a cikin kwantenar ƙarfe a kan teku, ya yi zaman jira a tashar Legas ko Kwatano ko Tema, sannan ya hau mota ya ratsa rana zuwa arewa. Insulin ɗin da zai isa can ruwa ne mai kamar insulin, kuma mai sukarin da ya dogara da shi ba zai gane ba sai jikinsa ya gaya masa. Wanda ya isa da ƙarfinsa kuma, wa zai sha? An auna wa Baba ne bisa nauyinsa, da ƙarfin ƙodarsa, da sauran magungunan da yake sha. A gida abin da za a ce shi ne "na hawan jini ne, daga Amurka", kuma wannan kalmar ta Amurka ita ce ke sa a sha da yaƙini.

Wannan ya faru a gidanmu. Wani ɗan'uwa ya aiko wa baffana maganin hawan jini daga waje, da kyakkyawar niyya. Sunan da ke kan kwalin daban yake da na wanda yake saye a kemis, alhali magani ɗaya ne, kamfani ne ya bambanta. Baffa ya ɗauka ƙari ne ya samu, ya riƙa haɗa biyun kowace safiya. Kwana kaɗan, yana ɗagowa daga sujada a sallar Azahar jiri ya kwashe shi, ya faɗi a kan hannunsa ya karye. Da na je na zazzage gwangwanin madarar da yake tara magunguna a ciki, na jera su a kan tabarma, sai ga su biyun gefe da gefe. An tafi neman gira an kusa rasa ido. Da abin da aka aiko mofin ne, da ba karaya muke magana ba.

Su kuwa masu ƙarfin, ko batun lafiya aka ajiye, fitar da su daga Amurka ba tare da lasisi ba babban laifi ne, shigar da su Najeriya ko Nijar ko Gana ma haka. Ko a cikin Amurka ba a yarda mutum ya sa maganin da likita ya rubuta a wasiƙa ya aika wa wani ba, ambulan ɗin nan shi ne ƙofar da aka buɗe wa mai gida. Jami'in NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Najeriya, da ya buɗe duro ya ga oksikodon ba ruwansa da sadakar mamaci, sunan wanda ya aiko da na wanda zai karɓa zai duba. Kuma ke kin san halin da ake ciki a gida. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta Najeriya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 na shan irin su tiramol ba bisa umarnin likita ba, a shekarar ce kuma gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. Wace unguwa ce a Kano ko Zariya ko Maraɗi ba ta da gidan da wannan abu ya shiga? Kwalbar oksikodon da ta sauka a gidan da ke da samari, babu mai iya rantsuwa a cikin wa za ta ƙare.

Tunanin Kawu manyan ƙasashe ma sun yi shi, sun gwada, sun janye. A Faransa an daɗe ana tattara ragowar magunguna a kantuna, ta hannun ƙungiyar Cyclamed, a tsince masu kyau a ba ƙungiyoyin agaji su kai ƙasashe matalauta, har da na Afirka. Daga farkon 2009 suka haramta, yanzu duk abin da aka mayar ƙonawa ake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 1996 ta rubuta a ƙa'idojinta na kyautar magani cewa wanda aka riga aka ba marar lafiya ya dawo da shi ba a kyautar da shi. Dalilinta shi ne abin da ba a yarda a ba ɗan ƙasa ba, bai kamata a ba talakan wata ƙasa ba. Masu karɓar ma sun sha kuka, domin lalata tulin maganin da ba shi da amfani sai ya zame musu sabon kashe kuɗi.

Game da waɗanda ba a buɗe ba, akwai 'yar ƙofa ta halal. Jihohi da dama suna da shirin karɓar maganin da ke liƙe a kwalinsa na asali, wanda kwanansa bai kusa ƙarewa ba, masu harhaɗa magunguna su duba shi, a ba marasa galihu a nan cikin Amurka. Ƙungiyar SIRUM na wannan aikin, jihar Iowa ma tana da nata shirin da ya daɗe. Ba sa karɓar dangin mofin ko kaɗan, kuma kwalbar da mu muka ƙirga ƙwayoyi muka zuba a kanti ba ta cikin lissafi, ko da ba a taɓa ta ba. Ki ware masu hatimin kamfani ki nuna wa mai kantinku, zai gaya miki ko akwai wanda ya cancanta. Kada ki sa rai da yawa, a irin leda biyun nan da wuya a samu fiye da kwali biyu ko uku.

Sadakar da Kawu ke nema wa Baba tana nan, hanyarta ce za a sauya. Ku haɗa abin da ya sauwaƙa a cikin dangi, ku nemi mutum ɗaya a gida da likita ya riga ya rubuta wa magani ya kasa saye, a biya masa na wata uku ko shida a kantin da ke da rajista, maganin kuma mai lambar NAFDAC a jiki. Dala ashirin a can tana sayen maganin hawan jini mai yawa, sabo, daidai da awon mai shan. In kuna da ƙarfi, sashen masu ciwon daji na kowane asibitin koyarwa cike yake da waɗanda aka rubuta wa allura suna zaune a baranda suna jiran kuɗi. Ki ba Kawu wannan aikin ya riƙe, shi ya san mabuƙata, kuma zai ji an ɗauki maganarsa.

Abu ɗaya kada ki zubar: in a cikin ledar akwai naloksan, ɗan abin fesawa a hanci mai farfaɗo da wanda maganin ya fi ƙarfinsa, da ake ba masu shan mofin saboda ko-ta-kwana, ki ajiye shi inda hannu zai kai har sai masu ƙarfin sun bar gidan, bayan nan ma ba ya cutar da kowa. Sannan ki sake duba ɗakin Baba da idon Kawu. Keken guragu, sandar dogarawa, na'urar awon jini, kujerar wanka, kunzugun manya da ba a buɗe ba, zannuwan roba na shimfiɗa, duk waɗannan zafin kwantena ba ya lalata su, ba mai kama ki a kansu, kuma akwai gidan da ake juya tsoho a kan tabarma ana neman ko ɗaya daga ciki. Su ki wanke, ki naɗe, ki sa a duron.